Jaririn da Ya Ƙi Karɓar Bulumboti Kwatsam: Dalilai da Matakan da Za a Ɗauka

Ba kowane jariri ne Allah ya nufa da shan nonon mahaifiyarsa kai tsaye ba. Akwai wanda mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwa, akwai wanda tasa take kwance a asibiti, akwai kuma 'ya'yan ma'aikata da ɗalibai waɗanda ake tatsar musu nono a ajiye a gida. Irin waɗannan yara ana shayar da su ne da bulumboti, wanda wasu ke kira fida, ko kuma da kofi da cokali. Ɗaya daga cikin koke-koken da masu renonsu suka fi kawowa asibiti shi ne cewa yaron da jiya yake shanye abin da aka haɗa masa, yau ya kau da kai, ko ya kama ya saki yana tsala kuka, ko ya ƙi buɗe baki sam.

Galibin masu reno kan fara zargin madarar ko robar bulumbotin, su yi ta canje-canje har kwana biyu su wuce. Ma'aikatan lafiya kuwa daga jikin yaron suke fara bincike, domin a wajen ƙaramin jariri daina tsotso na cikin alamun farko na ciwo mai tsanani, wani lokaci ma ita kaɗai ce alamar da ido ke gani. Duk bayanin da ke ƙasa game da cututtuka ya shafi jaririn da ya ƙi kama nonon uwa kamar yadda ya shafi mai shan bulumboti.

Jaririn da bai cika wata biyu ba

Kwanakin yaro a duniya su ne ma'aunin farko. Idan bai cika wata biyu ba, kuma ya daina sha ko tsotsonsa ya yi rauni ƙwarai bayan a da yana sha lafiya, wajibi ne a kai shi asibiti a ranar, ko da dare ne. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF suka shimfiɗa wa ma'aikatan lafiya ta sanya rashin shan nono cikin alamun haɗari a wannan rukuni. Sauran alamun su ne jijjiga ko taune-taune, numfashi sau 60 ko fiye a minti guda, lotsawar ƙasan ƙirji sosai lokacin jan numfashi, zafin jiki da ya kai digiri 38, sanyin jiki ƙasa da digiri 35.5, da kuma langaɓewa, wato yaron ba ya motsi sai an taɓa shi, ko ma ba ya motsin ko an taɓa. Alama ɗaya ta isa dalilin tafiya. Ba a jiran su taru.

Ƙirga numfashi abu ne da kowa zai iya. A ɗaga rigar yaron lokacin da ba ya kuka, a dubi ɗagawar ƙirjinsa, a ƙirga har minti guda cikakke da agogo ko wayar hannu. Idan ya kai 60 a sake ƙirgawa don tabbatarwa.

Dalilin wannan tsanantawa shi ne garkuwar jikin sabon jariri ba ta yi ƙwari ba. Ƙwayoyin cuta da suka shiga ta cibiya, ko ta fata, ko ta huhu, suna iya bazuwa cikin jini su kai ga ƙwaƙwalwa a cikin sa'o'i kaɗan. Abin da ke ruɗar iyaye kuma shi ne sau da yawa jikin ba ya zafi. Yana iya yin sanyi ma, kuma yaron da ya yi lamo yana ta barci ba ya neman abinci, wanda ake yabonsa da cewa ba shi da rigima, ya fi mai tsala ihu shiga haɗari. Bugu da ƙari, ajiyar sukari da ruwa a jikinsa kaɗan ce, don haka rashin shan kansa yana ƙara masa wani ciwon a kan na farko. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na shekarar 2018 ya nuna cewa a cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 39 sun rasu kafin su cika wata guda, kuma kamuwa da ƙwayoyin cuta na cikin manyan dalilan.

Akwai abubuwa uku da suka cancanci a ware su, saboda yadda suke da alaƙa da al'amuran jego a ƙasar Hausa.

Na farko cutar tetanus, wadda ake kira sarƙewar haƙora. Tafiyarta sananniya ce: jariri ya yi tsotso da kuka lafiya lau a kwana biyun farko, sannan tsakanin kwana na 3 da na 28 ya kasa tsotso, bakinsa ya ƙi buɗuwa, jikinsa ya riƙa sanƙarewa, musamman idan an taɓa shi ko an yi ƙara. Tana shiga ne ta cibiyar da aka yanke da reza marar tsabta, ko aka shafa mata toka, ƙasa, kashin dabba da makamantansu. Allurar rigakafin da ake yi wa mai ciki a wajen awo tana kare jaririn, haka nan man kuloheksidin da ake bayarwa a asibiti don shafa wa cibiya yana rage shigar ƙwayoyin cuta.

Na biyu cire beli. Jaririn da wanzami ya yanke wa beli kan ƙi sha saboda raɗaɗin haɗiya, kuma wurin na iya zubar da jini, ko ya ruɓe, ko tetanus ta shiga ta nan. Abin takaici, a wasu gidajen ƙin shan nonon ne ma ke sa a kira wanzami, bisa zaton cewa belin ne ya tare maƙogwaro. Beli halitta ce da kowane mutum ke da ita, ba ya hana haɗiya, kuma yanke shi na jinkirta gano ainihin ciwon. Idan an riga an yanke, a faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya ba tare da jin nauyi ba, domin maganin da zai bayar ya dogara da sanin hakan.

Na uku shawara. Idan idon jariri ko fatarsa ta yi ɗorawa a ranar farko ta haihuwa, ko launin ya kai tafin hannu da tafin ƙafa, ko ya haɗu da yawan barci da ƙin sha, to ana tsoron ta taɓa ƙwaƙwalwa. Shanya yaro a hantsi ba ya maganin irin wannan. A asibiti ake sa shi ƙarƙashin wata fitila ta musamman.

Yaron da ya wuce wata biyu

A wannan mataki dalilai sun fi yawa, kuma da dama daga cikinsu masu sauƙi ne. Sai dai duk yaron da bai cika wata uku ba kuma yake da zazzaɓi, likita ya kamata ya gan shi a ranar.

Toshewar hanci ita ce ta fi yawa, musamman da hunturu. Jariri ta hanci yake numfashi yayin tsotso, saboda haka idan majina ta toshe hancin sai ya kama, ya ja sau biyu ko uku, ya saki don ya sha iska, ya fashe da kuka alhali yana jin yunwa. Ɗigon ruwan gishiri na hanci da ake sayarwa a kemis, tare da share majinar kafin shayarwa, yakan wadatar. Kada a shafa masa man zafi a hanci. Amma idan murar ta zo da tari da saurin numfashi, wato sau 50 ko fiye a minti ga yaro ɗan wata 2 zuwa 12, ana zargin ciwon huhu na namoniya, kuma wannan na asibiti ne.

Ciwon kunne kan biyo bayan mura. Tsotso da haɗiya suna ƙara raɗaɗinsa, kwanciya ma haka, shi ya sa yaron kan fi ƙin sha da dare. Shayar da yaro yana kwance shame-shame, ko jingina masa bulumboti da matashi a tafi aiki, na cikin abubuwan da ke jawo shi.

Ya kamata mai reno ta leƙa cikin bakin yaron a wuri mai haske. Idan ta ga wani farin abu kamar kindirmo a harshe, da cikin kumatu, da ganɗa, wanda ba ya gogewa cikin sauƙi, kuma in an matsa masa wurin ya yi ja, to wata ƙwayar cuta ce da ake kira kandida. Takan bayyana bayan yaro ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko inda ba a tafasa robar bulumboti. Ragowar madara kuwa da zarar an goga take fita. Ana maganinta da ɗigon baki da ma'aikacin lafiya zai rubuta, kuma dole a riƙa tafasa robar kullum, in ba haka ba ta dawo. Kada a kankare harshen da tsumma ko farce.

Zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, gudawa da sanƙarau duk suna kashe wa yaro sha'awar abinci. Sanƙarau ya fi yawa daga hunturu zuwa bazara, kuma a wajen jariri ba lalle ne wuya ya sanƙare ba; abin lura shi ne maɗigar da ta kumbura, da kuka mai ƙara wanda ba a saba ji ba, da ƙin a ɗauke shi. Bayan allurar rigakafi ta mako 6, 10 da 14 ma yaro kan rage sha na kwana ɗaya ko biyu tare da ɗan zazzaɓi. Wannan yana wucewa da kansa, kuma ba hujjar fasa komawa allura ta gaba ba ce.

Daga ɓangaren ciki, tumbuɗi kaɗan bayan sha ba ciwo ba ne muddin yaro na ƙara nauyi. Wanda ke gantsarewa yana kuka a tsakiyar sha, mai yiwuwa abin cikin ne ke tasowa yana ƙona masa maƙogwaro. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a sa shi gyatsa, a riƙe shi a tsaye a kafaɗa na ɗan lokaci. Wasu yaran kuma jikinsu bai yarda da sinadarin madarar shanu da ake yin madarar gwangwani da shi ba, sai a ga ƙuraje, amai, ko ɗigon jini a bayan gida. Irin wannan sauya kamfani ba ya magance shi, tunda galibin gwangwanayen daga madarar shanu aka yi su. Shawarar likita ake nema. Amai mai launin kore, amai mai feshi bayan kowane sha, kumburin ciki, ko bayan gida mai jini da majina tare da kuka mai zuwa yana lafawa, alamu ne na toshewar hanji, kuma suna bukatar babban asibiti da gaggawa. Haka nan yaron da ke haki da gumi a goshi duk lokacin da yake sha, ya gaji kafin ya ƙoshi, ya kamata a duba zuciyarsa.

Batun haƙori

Babu abin da ake ɗora wa laifin ciwon yara kamar haƙori. Gaskiya ne cewa wajen wata shida, lokacin da haƙoran farko ke fitowa, dasashi kan yi ƙaiƙayi, yawu ya yawaita, yaro ya rage sha na 'yan kwanaki. Iyakarsa ke nan. Haƙori ba ya kawo zazzaɓi mai zafi, ko gudawa mai yawa, ko jijjiga, kuma ɗan wata ɗaya ko biyu ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan. Yara da yawa sun isa asibiti a makare saboda an ce a bari haƙori ne.

Magungunan haƙori na kwalba ma ba su da wani amfanin da ya kai haɗarinsu. Daga ƙarshen shekarar 2008 zuwa farkon 2009, wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da wani sinadari mai lalata ƙoda, ya yi sanadin rasuwar yara 84 a Najeriya bisa alƙaluman Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, kuma hukumar NAFDAC ta kwashe shi daga kasuwa. Goga dasashin da yatsa mai tsabta ya wadatar. Haka kuma ba a ba yaron da bai cika shekara guda ba zuma, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke raunana jijiyoyin jariri, kuma raunin tsotso da rashin bayan gida su ne alamunta na farko.

Idan matsalar daga bulumbotin take

Sai an tabbatar yaron yana cikin kuzarinsa, yana wasa, yana fitsari, jikinsa ba zafi, sannan a koma kan kayan shayarwa. A kifa bulumbotin a gani: madara ta riƙa ɗiga a hankali. Idan tana tsiyaya, hudar ta yi faɗi, yaron zai riƙa ƙwarewa har ya tsorata da sha. Idan ba ta fita sai an matsa, zai gaji ya haƙura. Kada a faɗaɗa hudar da allura ko reza don koko ya wuce. Robar da ta tsage, ta yi danƙo ko ta kumbura, a jefar da ita. A ɗiga madarar a cikin tsintsiyar hannu don jin ɗuminta, domin yaron da ya taɓa ƙona baki yakan ƙi bulumboti kwanaki. A shinshina kuma: ragowar sabulu, sabon kamfanin madara, ko madarar da ta kwana a zafi duk suna sauya ɗanɗano.

Akwai kuma abin da ba ciwo ba ne, girma ne. Tsakanin wata biyu da huɗu tsotso kan tashi daga abin da jiki ke yi da kansa ya koma abin da yaro ke yi da ganin damarsa, a lokacin ne kuma yake fara kula da motsi da muryoyi. Yaron da ke shan nono da bulumboti tare yana iya zaɓar nonon ya ƙi robar, musamman in mahaifiyarsa na kusa. Sauya mai reno ma na iya jawo haka. Wurin da babu hayaniya da ɗan haƙuri sukan warware wannan.

Ɗure

Wajibi ne a ja hankalin jama'a game da ɗure, wato a danne yaro a kan cinya, a toshe masa hanci, a kwarara masa abin sha. Masu yi da kyakkyawar niyya suke yi, don kada yunwa ta illata shi. Amma yaron da aka toshe wa hanci dole ya ja numfashi ta baki, sai abin shan ya bi iska ya faɗa huhu, abin da ke haddasa namoniya, wani lokaci ma shaƙewa nan take. Wanda ya tsira kuma yakan ɗauki tsoron shayarwa, ya riƙa kuka da zarar ya hango bulumboti. Tura roba da ƙarfi cikin bakin yaron da ke kau da kai ma ƙaramin ɗure ne.

Abin da za a yi a gida

Idan babu ko ɗaya daga cikin alamun haɗari, a dakata kamar rabin sa'a a sake gwadawa, a ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai. Idan ya ƙi robar, a gwada ƙaramin kofi: a zaunar da shi a ɗan kishingiɗe, a ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, a karkata har madarar ta taɓa leɓen, a bar shi ya lasa da kansa, ba a zubawa. Ko jaririn da aka haifa bakwaini yana iya sha ta haka, kuma kofi ya fi bulumboti sauƙin wankewa, shi ya sa ma'aikatan lafiya suka fi son sa a inda ruwa da itacen tafasa kaya suke da wuya.

A riƙa ƙirga fitsari. Yaron da ke samun abin da ya ishe shi yana jiƙa kunzugu ko famfas aƙalla sau 6 a yini da dare. A 'yan watannin farko, mai shan madara zalla na bukatar kimanin mililita 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a kwana guda. Ɗan kilo 4 ke nan yana bukatar wajen mililita 600, wato kimanin 75 sau takwas. Idan ya ƙi sha sau biyu a jere, ko ya sha ƙasa da rabin abin da ya saba a kwana guda, ko fitsari ya ragu, baki ya bushe, ido da maɗiga suka lotsa, to zaman gida ya ƙare.

Wajen haɗa madara, a sani cewa garin da ke cikin gwangwani yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta ko da ba a taɓa buɗe shi ba. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ita ce a tafasa ruwa, a haɗa madarar kafin ya huce ƙasa da digiri 70, wato cikin minti 30 da sauke shi, sannan a sanyaya bulumbotin cikin ruwa kafin a ba yaro. Abin da ba a sha ba cikin sa'a biyu a zubar. A bi awon da ke jikin gwangwanin daidai. Tsadar madara kan sa wasu su tsinka ta da ruwa don ta daɗe, abin da ke kai yaro ga tamowa. Cika garin kuma na wahalar da ƙoda. Madarar shayi, koko da nonon shanu ba su dace da wanda bai kai wata shida ba. Inda mahaifiya ke raye, ma'aikatan lafiya na iya taimaka mata nononta ya dawo ko da ta daina shayarwa na makonni, kuma nonon uwa zalla har wata shida shi ne abin da aka fi so. Maraya kuwa, in an sami 'yar uwa mai shayarwa da ta yarda, aka kuma yi mata gwajin cutar ƙanjamau, nononta ya fi masa gwangwani.

Ga shugabannin al'umma da jami'an ƙananan hukumomi

A ƙauyuka da dama, abin da ke jinkirta tafiya asibiti shi ne jiran izinin maigida da ya yi tafiya, da rashin abin hawa, da rashin kuɗi a hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya: masu unguwanni, dagatai da kwamitocin lafiya na mazaɓu za su iya tsara tun da wuri wanda za a kira da mota ko babur cikin dare, su kuma ja hankalin magidanta su bar izini a gida cewa duk ranar da jariri ya daina sha a wuce da shi asibiti. Ungozomomi da wanzamai, waɗanda su ake fara kira, ya kamata a sanar da su alamun haɗarin nan domin su riƙa turawa. Masu kemis kuma su daina sayar da maganin zazzaɓi ko na ƙwayoyin cuta don jaririn da ba su gani ba.

Nisa daga babban asibiti ba hujjar zama ba ce. Tun daga 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa inda turawa babban asibiti ta gagara, ma'aikacin da aka horar a cibiyar lafiya matakin farko zai iya yi wa wasu daga cikin irin waɗannan jarirai magani da allurar jentamaisin da maganin amoksisilin, yana bibiyarsu har su kammala. Saboda haka a fara da cibiya mafi kusa.

A kan hanya, a manna jaririn a ƙirjin mai ɗauke da shi fata da fata, a rufe su tare, a sa masa hula, domin sanyi na saurin kama marar lafiya. Idan yana iya haɗiya a ci gaba da ba shi kaɗan-kaɗan da kofi. Idan ya langaɓe ko yana jijjiga kada a sa masa komai a baki. A tafi da katin rigakafinsa, da gwangwanin madarar, da bulumbotin, da duk wani magani na kemis ko na gargajiya da aka ba shi, a kuma tuna lokacin da ya sha na ƙarshe da lokacin da ya yi fitsari na ƙarshe, domin su ne tambayoyin da za a fara yi.